CHARLES TAYLOR, MAKANIKIN DA YA ƘERA INJIN JIRGIN SAMA NA FARKO

Duk wanda ya taɓa karanta labarin jirgin sama, in ka tambaye shi su wa suka fara tashi da shi, zai ce maka wa da ƙane ne, mutanen Amurka, Wilbur Wright da Orville Wright. Ya kuwa faɗi daidai. Amma in ka ƙara tambayarsa wa ya ƙera injin da ya ja jirgin nan har ya rabu da ƙasa, sai ka ga ya yi shiru yana sosa ƙeya. To, labarin wannan mutum nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa. Sunansa Charles Taylor. Na zaɓe shi domin abu biyu. Na ɗaya, wahalar da ya sha da mai da ruwa a cikin injinsa ita ce har yanzu take damun duk mai son haɗa jirgi a gida. Na biyu, irinsa suna nan zaune a kowane aji da za a ba mu, mu ne ba mu cika lura da su ba.

Ƙuruciyarsa

An haifi Charles Taylor ran 24 ga watan Mayu, 1868, a wani ƙauye kusa da Cerro Gordo cikin jihar Illinois. Iyayensa talakawa ne, daga baya suka yi ƙaura zuwa jihar Nebraska. Yana da shekara 12 ya bar makaranta ya kama aiki a wurin ɗinkin littattafai na wata jarida. A nan ya fara sabawa da injuna, hannunsa ya faɗa, har ya zama gwanin aikin ƙarfe. Cikin 1894 ya auri wata yarinya, Henrietta Webbert, bayan shekara biyu suka tashi suka koma birnin Dayton na jihar Ohayo. Ya yi aiki a kamfanin Stoddard, masu ƙera kayan noma da kekuna, sa'an nan ya buɗe ɗan shagonsa na aikin ƙarfe.

A birnin nan kuwa akwai waɗansu samari biyu masu shagon kekuna, su ne Wilbur da Orville. Gidan da suke haya na kawun matar Taylor ne, saboda haka suka san juna, sukan kai masa ƙananan ayyuka. Cikin watan Yuni na 1901 suka ce ya zo ya riƙe musu shago a kan dala 18 a mako, domin su hankalinsu ya riga ya koma kan tashi sama. Ya yarda. Yana da shekara 33 a lokacin, bai kuwa taɓa ganin jirgin sama ba, don babu shi a duniya tukuna.

Aikinsa na fari da ya shafi tashi shi ne taya su haɗa wani akwati mai tsawon ƙafa 6, wanda ake hura iska ta cikinsa da fanka. A cikin akwatin nan suka gwada ƙananan fukafukai iri iri wajen 200 a ƙarshen 1901, har suka gane siffar da ta fi ɗaukar nauyi. Cikin 1902 suka yi ta shawagi da jirgi marar inji a kan tuddan rairayi na Kitty Hawk, a bakin teku cikin jihar Karolina ta Arewa. Saura abu guda, watau inji.

Inji a cikin mako shida

Abin da suke bukata inji ne mai ƙarfin doki 8, wanda nauyinsa ba zai wuce laba 200 ba. Suka rubuta wa kamfanonin mota da dama, ba wanda ya karɓi aikin. Sai suka juyo ga makanikinsu. Ba su ba shi wani cikakken zane ba. Ɗayansu yakan zana abin da ake so a guntun takarda, Taylor ya kafe ta a bisa teburinsa, ya duba, ya ƙera. Kayan aikinsa kuwa na gyaran keke ne, injin huda ƙarfe, da injin gurzar ƙarfe mai juyawa, da guduma, da kurfi.

Ku dubi yadda ya yi karanshaf, watau sandar nan mai gwiwa gwiwa wadda fistin ke turawa ta juya. Ya sami wani falalen ƙarfe mai nauyin laba 100 ko fiye, ya zana siffar a kansa, ya bi layin yana huda ramuka kusa da kusa, sa'an nan ya sa guduma da kurfi ya ɓalle abin da ya rage, ya ɗora a inji ya yi ta gurza har ya yi sumul. Da ya gama, nauyin sandar laba 19 ne. Gangar jikin injin kuwa aka zuba ta da alminiyam, irin ƙarfen nan marar nauyi da maƙeranmu ke narkawa su yi tukwane, a wata maƙera ta cikin Dayton. Silinda huɗu gare shi, a kwance, faɗin kowace inci 4. A cikin mako shida ya haɗa shi. Nauyinsa ya tsaya wajen laba 180, watau kimanin kilo 82.

Don gudun nauyi, duk abin da za a iya bari an bar shi. Babu kafireta, babu fulogi, babu famfon fetur, babu famfon ruwa. Fetur daga wani ɗan tanki da aka rataye a sama yake ɗigowa cikin wani faranti a kan injin, zafin inji ya mai da shi tururi, ya gauraya da iska, silinda ta zuƙe. Wuta kuwa daga waɗansu ƙarafa biyu take fita a cikin silinda, in sun taɓa juna sun rabu.

Darasin mai

Ran 12 ga Fabrairu, 1903, aka ta da injin karo na fari, ya kama. Murna ba ta daɗe ba. Kashegari ana cikin gwaji fetur ya riƙa ɗiga yana wanke man da ke kan boris, wuraren nan da karanshaf ke kwance yana juyawa. Da mai ya tafi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, suka yi zafi, suka cije, gangar jikin injin ta tsage. Sai da aka jira har watan Afrilu kafin a sami sabuwa daga maƙera, Taylor ya sake haɗawa.

A nan ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da mai ke yi a cikin inji, gama mutane da yawa suna zuba shi ba su san dalili ba. Aikinsa na fari shi ne ya shiga tsakanin ƙarafa biyu masu gogar juna, ya zama shimfiɗa wadda ba ta kai kaurin gashi ba, har ya zamana ba su taɓa juna ko kaɗan. Aiki na biyu, ya kwashe zafi daga ƙarƙashin fistin da boris, inda ruwa ko iska ba su kai, ya kai shi wani wuri ya sauke. Na uku, ya wanke dauɗa da garin ƙarfe. In fetur ya shiga cikinsa sai ya tsinke. In zafi ya yi yawa, haka nan. Da ya tsinke shimfiɗar nan ta yage, abin da ya sami injin Taylor ke nan. A injin nasa, juyawar karanshaf ita ke fantsama mai a cikin ciki, inda ya faɗa ya faɗa. Wannan dabara takan isa ga inji mai aiki a hankali, amma ba ta da tabbas in aiki ya yi tsanani.

Darasin ruwa

Wajen sanyaya kuma ga abin da suka yi. An bar wa ruwa hanya kewaye da silinda a cikin gangar jikin. Aka kafa wani dogon tanki siriri a jikin sandar da ke tsakanin fukafukai. In ruwan cikin inji ya tafasa ya ragu, na tanki ya gangaro ya cike gurbin. Ruwan ba ya zagayawa kamar na lagireton mota, ƙari kawai yake yi. Ban da haka, gidajen bawul, inda wuta ke fita, suna waje, ruwa bai kai gare su ba. In inji ya yi 'yan mintoci yana aiki sai su yi jawur kamar ƙarfe a maƙera.

Sakamakon wannan a fili yake. Da an ta da injin yana sanyi yakan ba da ƙarfin doki wajen 16, amma nan da nan sai ya sauko zuwa 12. Kun ga zafi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa. Dalili kuwa, iska in ta yi zafi takan buɗe ta yi shakaf, abin da silinda ke zuƙa a kowane numfashi ya ragu, wutar ta yi rauni. Sa'ar da aka yi ita ce doki 8 aka nema, saboda haka 12 ɗin ma riba ce.

Cikin kaka 'yan'uwan suka tafi Kitty Hawk da jirgin, suka bar Taylor yana tsaron shago. Sandunan farfela suka lalace wajen gwaji, aka aiko masa, ya gyara ya mayar. Suka sake tsagewa, Orville ya zo da kansa aka yi sababbi na ƙarfe marar rami. Ran 17 ga Disamba, 1903, Orville ya tashi, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci ƙafa 120. A tashi na huɗu Wilbur ya yi daƙiƙa 59, ya ci ƙafa 852. Bayan wannan iska ta zo ta kifar da jirgin a ƙasa, ta farfasa shi har da injin. Wanda ya ƙera injin bai ga ko ɗaya daga cikin tashin nan ba. Yana Dayton yana gyaran kekunan mutane, sai labari ya iske shi.

Daga daƙiƙa zuwa sa'o'i

Injin da zai yi minti guda dabam ne da wanda zai yi sa'a guda. Cikin 1904 da 1905 suka koma wani fili kusa da Dayton, ana ce da shi Huffman Prairie. Taylor ya ƙera sababbin injuna, aka sa musu famfo mai zagaya ruwa, aka kyautata hanyar mai da famfo, ya kuma zama shi ne mai kula da rumfar jirgin da gyaransa bayan kowace faɗuwa. Duk da haka mai bai bar ba su darasi ba. Ran 3 ga Oktoba, 1905, Orville ya yi minti 25 a sama, boris na wajen sarƙar farfela ya yi zafi, tilas ya sauka. Kashegari ya yi minti 33, zafin boris ya sake saukar da shi. Da aka wadata wuraren nan da ƙoƙon mai, ran 5 ga wata Wilbur ya yi kusan minti 39, ya ci mil 24, bai sauka ba sai da fetur ya ƙare. Ashe ɗan ƙoƙon mai ne ya tsaya tsakaninsu da abin da suke nema.

Waɗanda suka zo bayansu sun ɗora a kan wannan. Aka koyi yi wa silinda haƙarƙari don iska ta ratsa ta kwashe zafi, aka koyi cusa wani sinadari a cikin sandar bawul don ya ja zafi daga kansa, aka koyi tura mai da ƙarfin famfo zuwa kowane boris. Cikin watan Mayu na 1927 Charles Lindbergh ya tashi daga Niyu Yok ya sauka a Faris, sa'a 33 da rabi, da inji guda mai sanyaya da iska, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Tsakanin daƙiƙa 59 da sa'a 33 da rabi shekara 24 ce ba ta cika ba.

Sauran rayuwarsa

Taylor ya bi iyayen gidansa wurare da yawa. Ran 17 ga Satumba, 1908, yana Fort Myer kusa da Washinton sa'ad da farfela ta tsage, jirgin Orville ya faɗo. Orville ya karye, abokin tafiyarsa Laftanan Thomas Selfridge ya rasu, shi ne mutum na fari da ya mutu a hatsarin jirgin sama mai inji. Taylor yana cikin waɗanda suka fara isa wurin. Cikin 1909 ya raka Wilbur Niyu Yok, inda ya tashi a bisa kogin Hudson mutane suna kallo. Ya so ƙwarai a koya masa tuƙi, amma 'yan'uwan ba su so ba, don sun san in ya zama matuƙi sun rasa makaniki. Har ya mutu bai koya ba.

Cikin 1911 wani matuƙi, Calbraith Rodgers, ya yi niyyar ratsa Amurka daga teku zuwa teku, ya ɗauki Taylor a kan dala 70 a mako. Jirgin ƙasa na biye da shi ɗauke da kayan gyara. Rodgers ya faɗi fiye da sau goma, kowane karo Taylor da abokan aikinsa su kwana suna haɗa jirgin. Rashin lafiyar matarsa ya komo da shi gida kafin a ƙare, amma Rodgers ya kai Pasadena ran 5 ga Nuwamba, bayan kwana 49.

Wilbur ya rasu cikin 1912. Taylor ya ci gaba da aiki a Dayton, daga baya ya koma Kalifoniya. Ɗan abin da ya tara ya zuba a sayen fili, aka shiga shekarun karyewar ciniki, ya tashi a tutar babu. Cikin 1937 Henry Ford, mai kamfanin mota, ya neme shi don ya taimaka a sake kafa tsohon shagon kekunan a gidan tarihinsa na Greenfield Village. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, yana da shekara fiye da 70, ya koma aikin ƙarfe a wata masana'anta a Kalifoniya, abokan aikinsa ba su san ko shi wane ne ba. Ciwon zuciya ya kama shi cikin 1945, aiki ya gagara. Orville bai manta da shi ba, ya yanka masa dala 800 a shekara, sai dai tsadar zamani ta cinye darajar kuɗin. Cikin 1955 wani ɗan jarida ya same shi kwance a ɗakin marasa galihu na wani asibiti a Los Angeles. Da labari ya fita, ma'aikatan jirgin sama suka ji kunya, suka tara kuɗi aka mai da shi wuri mai kyau. Ya rasu ran 30 ga Janairu, 1956, yana da shekara 87, shekara takwas daidai bayan rasuwar Orville, rana guda, wata guda. Daga baya hukumar jiragen sama ta Amurka ta sa sunansa a kan lambar girma da take ba makanikin da ya cika shekara 50 yana aiki.

Abin da ya shafe mu a nan

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Mu da ke zaune a GRA muna ganin jirage suna wucewa ta kanmu, garin nan kuwa tsohuwar hanyarsu ce. Jiragen sojan Ingila guda uku da suka taso daga Masar suka isa Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, ta nan Maiduguri suka biyo. Injunansu masu ruwa ne, irinsu kuwa da aka kai ƙasashe masu zafi sai da aka ƙara musu lagireto na biyu. Daga 1940 kuma dubban jiragen yaƙi suka bi ta Takoradi, da Legas, da Kano, da Maiduguri, da Fort Lamy wadda ake kira Injamena yanzu, da Hartum, zuwa Alƙahira, makanikai suna fama da zafi da ƙura a kowane zango.

Masu haɗa jirgi a gida ma ba su ƙare ba. Tun 1929 wani Ba'amurke, Bernard Pietenpol, ya tashi da injin motar Ford, ya kafa lagireto tsaye a gaban matuƙi. Bayansa mutane da yawa sun yi da injin Volkswagen, motar nan mai kama da kunkuru. A Kano ma, cikin 2007, jaridu sun ba da labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da injin tsohuwar Honda. Duk wanda ya bi wannan hanya zai gamu da abin da Taylor ya gamu da shi. Injin mota a kan titi ɗan kaɗan daga ƙarfinsa yake bayarwa, yana hutawa a gangara da mararraba. A jirgi kuwa kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa ake nema, ba hutu. Lokacin hawa sama shi ne mafi wuya, gama a sa'an nan inji ke ba da dukan ƙarfinsa, ga jirgi yana tafiya a hankali, iskar da ke ratsa shi kaɗan ce. In an haɗa da zafin bazara irin namu, da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, sai abin ya ninku.

Maganin da masana suka tsaya a kai ba boyayye ba ne. A tabbata famfo yana kai mai kowane boris, bakin bututunsa kuma yana nutse cikin mai ko jirgi ya karkata. A bi da man ta matata, kana ta cikin ɗan lagireton mai da aka sa inda iska ke bugunsa, amma ba inda zai tare wa silinda iska ba. Tsofaffin injunan Volkswagen sun yi wannan ciwo, silinda ta uku takan fi sauran zafi, sai cikin 1971 aka gusar da lagireton man gefe. A kewaye silinda da faranta yadda iska ba ta da hanya sai ta tsakanin haƙarƙarinsu, gama iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. A kuma sa ma'aunin zafi da na ƙarfin mai a gaban matuƙi. Mai ya fi son ya tsaya wajen digiri 80 zuwa 90. Mai mota in ya ji inji ya yi zafi sai ya ratse gefen hanya, mai jirgi ba shi da gefen hanya, shi ya sa rigakafi ya fi magani.

Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan ɗan shekara 12 da ya bar makaranta. Gobe za a ba kowannenmu aji. A ciki za mu sami yaro wanda karatu ke ba shi wuya, amma in fitila ta lalace ko keke ya ɓaci shi ake kira, ko mu gan shi yana haɗa mota da gwangwani da waya. Al'adarmu ce mu ajiye irinsa a bencin baya, mu yi ta yabon mai kyawun rubutu. Ina roƙon 'yan'uwana mu sake shawara. Mu koya masa lissafi ta hanyar abin da hannunsa ya sani, mu nuna masa dalilin da ya sa mai ke tsinkewa da dalilin da ya sa iska mai zafi ba ta da ƙarfi, mu kuma nuna wa iyayensa hanyar makarantun sana'a irin su Kwalejin Ramat da ke nan garin. Wilbur da Orville sun yi tunani, sun yi lissafi, girman da aka ba su hakkinsu ne. Amma da ba su sami mai guduma da kurfi a shagonsu ba, da jirginsu bai tashi cikin 1903 ba.